Jinin Kwalba da Jinin Ƙaho

Shekara uku bakina bai buɗe ya wuce faɗin yatsa ɗaya ba. Bijimin huɗa ne ya ɗago kai ya daki muƙamuƙina. Na ɗaure da ƙyalle na koma gona, a hankali mahaɗar ta ƙage. Daga kunu sai fura mai ruwa. Tuwo kuwa maiɗakina takan dame shi cikin miya in zuƙa ta gefen haƙori. Na gaji.

Bayan kaka aka sa mini ranar tiyata a birni. Suka ɗebi jinina, sai aka ce an ɗaga aikin, wai jinin ya ƙi daskarewa da wuri a kwalba. Na koma ƙauyenmu bayan Gezawa na ƙudura a raina: in sun yanka ni jini ya tsiyaye in tafi, in sun fasa in ƙare a kan kunu.

Da na koma asibiti aka sake awo, aka tura ni wajen likitar jini, wata mai ƙaramin jiki. Na ce mata ta cikin haƙora, "Likita, kwalbarku ƙarya take. Duk shekara wanzami yana yi mini ƙaho. Kafin ya cire, jinin ya zama guda kamar hanta."

Ta ajiye biro. "Baba, wanzaminka ya fi kwalbar gaskiya."

Ta ce akwai wani abu a jinina, lufus antikwagulan. Na gwada faɗa, baki ya ƙi. Ta ce a kwalba kawai yake jan lokaci. A jiki akasin haka ne, tsoronsu kada jinin ya daskare a jijiyar ƙafa ina kwance.

"Wato ba zubar ba ce matsalar?"

"Ba ita ba ce. Daskarewar kuma muna da allurarta."

"To a yanka."

Aka yi aikin. Suka sa mini wata doguwar safa mai matsewa, allura a fatar ciki kullum, suka hana ni kwanciya, sai zagayen baranda kamar mai gadi.

Da na dawo na ba wanzami labari. Ya ce, "To ka ce su aiko mini da farar rigar likita."

Yanzu yatsa uku ke shiga bakina. Ranar da likita ta ba ni izinin tauna, maiɗakina ta kawo tuwon dawa, ta sa hannu za ta dama kamar yadda ta saba. Na janye kwanon, na yanko loma.