Tsinken awon sandunan moto

Jama'a, yau tsinken tsintsiya ya kashe mini moto, babur ɗina!

Kun san na sa makanikena na Bouza ya canza mini kam, ƙarfen nan mai juyawa a cikin inji, don injin ya ƙara ƙarfin hawan tudu da kayan tumatir. Ya ce sabon kam ba ya tafiya da tsofaffin sandunan nan biyu masu tura supap, wato bawul, sai an auna. Ya auna da tsinken tsintsiya, ya yanke daidai.

Ya ce, "Je Madawa ka sayo masu wannan tsayin cif."

Kawuna ya ce zai raka ni. Na ba shi tsinken ya riƙe, don aljihuna ya huje. Mun tsaya mun ci nama, muka sayo sandunan daidai tsayin tsinken, muka dawo.

Aka ɗaura, aka tayar. Kaf-kaf-kaf! Ƙwas! Shiru.

Aka buɗe. Sanda ɗaya ta zame ta lanƙwashe, ta ɓata kan injin! Makanike ya karɓi tsinken ya sake gwadawa, ya ce, "Wallahi ba haka na ba ka shi ba!"

Sai kawu ya leƙo. "Au, wannan? Ai bakinshi kawai na karya na sakace haƙori."

Na ce, "Kawu!"

Ya ce, "Yaro, ɗan kaɗan ne fa."

Mai shagon da muka sayo ba ya karɓar abin da ya taɓa man inji. Tumatir na can garin Tama yana nuna, ba abin ɗauka. Kawu kuwa yana zaune nan, yana tambaya wa zai maishe shi gida.