Baba Mode da Gorunansa Uku

"Inna, wai Baba Mode Nasara shika kiwo?"

Kulu ce ta yi wannan tambaya, 'yata mai shekara shida, kuma a gaban idonsa ta yi ta, muna wanki a bakin tafkin da ke bayan Ƙofar Dundaye. Na rasa inda zan sa fuskata. Na kai hannu zan toshe mata baki, sai tsohon ya fashe da dariya har sandar tuƙinsa ta kusa suɓuce masa.

"Ƙyale ta, Sadiyatu. Awo, Kulu, kiwo na. Sai dai shanu sun hi su jin kira."

Kada ku ga laifin yarinyar. Abin da take gani ke nan duk Asabar: Turawa a gaba cikin jiragensu na ruwa masu ƙyallen kama iska, tsoho a baya cikin kwalekwale da doguwar sanda. Ni ma da nake uwarta ba zan ce na gane abin da ake yi a tafkin nan ba. Mutum ɗaya na gane a cikinsu, shi ne nake so ku sani kafin ya koma gida ya zauna.

Baba Mode Basarke ne, iyaye da kakanni masunta. Da ya sallame asuba sai ya tura kwalekwale. Ba kifi yake nema ba. Ƙasan ruwa yake bi yana dungura da sanda, taki bayan taki, domin duk damina in ambaliyar gulbin Rima ta cika tafkin sai ta sāke masa ciki, inda bara yake iya gwiwa bana ya shanye raƙumi. In ya gama sai ya dawo wurin jiragen Turawa guda biyar. Ya toshe ɓaraka da auduga da kwalta, ya shanya ƙyallayen, ya karkaɗe gara daga rumfa. Shekara goma sha shida ke nan yana haka.

Wurin su Turawa suna ce masa kulob. Wani Bature da muke kira Mai Lofe ne ya fara shi, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. A bayan raƙuma aka kawo jirgin farko, katako-katako. Goggona Tani ta ce ranar mutane sun ɗauka makara ce ta wani babban Nasara. Da aka harhaɗa, aka tsayar da itace a tsakiyarsa, aka ɗaura masa farin ƙyallen da zai yi wa mutum huɗu riga. Mai Lofe ya shiga, iska ta tura shi, bai yi taki hamsin ba ya kafe cikin laka. Baba Mode ne ya je ya jawo shi. Daga ranar ya zama nasu.

To, ga abin da ya sha mini kai. Jirgi dai don ƙetarewa aka yi shi, ko don kifi, ko don ɗauko shinkafa daga fadama. Waɗannan ba sa ɗaukar ko dami ɗaya. Ranar Asabar bayan azahar za su zo cikin fararen kaya, a kaɗa ƙararrawa, su kewaye goruna uku na duma da ke yawo a kan ruwa, su dawo daidai inda suka tashi, suna gumi suna murna. Wanda ya riga isowa a ba shi kofin ƙarfe. Ba ya shan ruwa da shi. Zai ɗaga shi sama, a tafa, a mayar kan kanta. Wanda ya kife a rubuta sunansa a allo, maimakon ya ji kunya sai ya fi kowa dariya. Da bazara kuwa, in ruwa ya janye jiragen suka kwanta kan busasshiyar laka, ba sa fasa zuwa. Su jera kujeru su zauna suna kallonsu.

Na taɓa tambayarsa, "Baba, wai ina za su?"

Ya ce, "Ɗiyata, shekara goma sha shidda ina bin su, ba mu isa ba tukuna."

Gorunan nan uku su ne maganata. Shi yake ɗaura musu dutse ya jefa su inda za a kewaya. Turawan sun ɗauka wurin da iska ta fi kyau yake zaɓa musu. Mu ma haka muka ɗauka. Ashe ba haka ba ne. Taki goma sha biyu daga dutsen da muke wanki akwai tsohuwar hanyar gulbi, gurbi ne mai zurfi, daga sama ba ka ganin bambanci. Yara kuwa in suka ga farin ƙyalle ya matso, ba abin da ke hana su kutsawa ruwa su tarye shi. Saboda haka yake kai gorunan can nesa, inda yaro zai hango ya tsaya kallo, ba zai yi marmarin taɓawa ba. Shekara da shekaru bai gaya wa kowa ba.

Bara aka kawo wani sabon Bature, saurayi, mai son awo. Ya zo da igiya ya auna, ya ce gora na uku ya yi nisa, matansu da ke rumfa ba sa ganin tseren sosai, a matso da shi wajen mawanka, inda muke wanki. Ya matsar. Gari ya waye Baba Mode ya mayar. Ya sāke matsarwa, Baba Mode ya sāke mayarwa. A karo na uku aka kira tafinta.

Baba Mode ya ce, "Hwaɗa mishi akwai gurbi nan, kuma akwai ɗiyan mutane."

Baturen ya ce jiragensu suna son zurfi, yara kuma aikin iyayensu ne. In Baba Mode ya ƙara taɓa goran ya ajiye aiki. Mai Lofe yana hutu a ƙasarsu, ba mai raba gardama.

Maganar Baturen a kan yara ba ƙarya ba ce, aikinmu ne. Amma uwa hannu biyu gare ta, nawa kuma ranar suna cikin kumfa, ga goyo a baya. Asabar ɗin na ga Baba Mode bai bi jiragen ba. Ya kawo kwalekwalensa ya tsaya tsakaninmu da goran. Har Lantana maƙwabciyata ta tsokane shi.

"Baba, yau garken naka ya tsere ma?"

Bai ko dube ta ba. Bakinsa yana motsi, na ɗauka tasbihi yake. Kawunan yara yake ƙirgawa.

Jiragen suka taho kusa, kusa ƙwarai, har muna jin ƙyallen yana kaɗawa. Iska ta juya, jirgin sabon Baturen ya kife, aka sa ihu daga rumfa ana kiran Mode, Mode. Duk muka juya can. Shi kaɗai bai juya ba. Sai na ji ya ce, "Bakwai! Ina ta takwas?" Kafin in gane me yake nufi ya faɗa ruwa. Ɗankwalin Kulu na gani yana yawo. Ban san sa'ad da na yar da wankin ba, ban san me na faɗa ba. Ya ɓace, ya ɓullo ba komai, ya sāke nutsewa. Da ya fito yana riƙe da ita ta kitso. Ya kifa ta a gwiwarsa yana danna bayanta har ta amayar da ruwan, ta tsala kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Baturen ya iya iyo, ya fita da kansa. Da yamma suka rubuta sunansa a allon masu kifewa, suka yi ta dariya. Na aika a duba mini ko an rubuta na Baba Mode a wani wuri. Aka ce allon na membobi ne, shi ba memba ba ne. Shekara goma sha shida, shi ya san ruwan, shi ke gyaran jiragen, amma ba ya ciki. Na yi ta juya wannan a raina, har yau bai zauna ba. Goran dai washegari ya koma nesa, ba wanda ya sāke cewa uffan.

Baba Mode, kai ne ka ji ana kiran sunanka daga rumfar masu iko ka ƙi waiwayawa. Kai ne ka ƙirga 'ya'yan da ba naka ba, mu iyayensu muna can muna kallon ƙyalle. Basarke ɗan Basarke, mai ido a kan ruwa. Ban da kai da yanzu ba ni da mai ba ni kunya a gaban manya.

Yanzu Baba Mode zai ajiye aikin. Ba korarsa aka yi ba, shi ya ce ya isa. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Na roƙe shi ya ƙara ko damina ɗaya.

Ya ce, "Jiya nig ga ƙwarya bisa ruwa nic ce kan yaro na. Ranar da nig ga kan yaro nic ce ƙwarya ta hwa? Gara ku san ba ni nan."

Turawan sun ba shi malafa da agogo. Mai Lofe, da ya dawo daga hutu, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, na ga abin ya taɓa shi. Amma a makon nan suka kawo gangunan ƙarfe uku masu sarƙa a madadin gorunan, aka kafa su yadda ba mai matsarwa, na ukun kuma yana nan kusa da mawanka. Ko sun manta ne, ko ba su taɓa ganewa ba, Allah ne masani.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba idonka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ni da Lantana da Goggo Tani mun raba Asabar tsakaninmu: mai aikin ranar ba ta taɓa wanki, tsayuwa za ta yi tana ƙirga. Duk mai ɗan lokaci ya zo ya karɓe mu.

Ke kuma da kike karanta wannan, ko ake karanta miki, ki ji da kyau. Daga Asabar mai zuwa babu kowa a cikin kwalekwalen nan. In kin ji ƙararrawar kulob, ki ajiye abin da ke hannunki ki kama hannun ɗanki. Gurbin yana taki goma sha biyu daga dutsen wanki, kuma ke ba ki iya ruwa ba.