Saƙon Babana Zuwa Duwatsun Abzin

Litinin: Dogo-Dogo zuwa Damagaram

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito gida, da 'yar jakar kayana a kafaɗa da tiya biyar ta sabon gero a ƙaramin buhu. Ɗan kabu-kabu yana jirana a ƙofa. Yayana Hamza ya fito daga masallaci ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Lawali, wai da gaske har Abzin za ka saboda wani Buzu?" Na wuce na hau bayan babur. Da na buɗe baki a lokacin, wallahi sai unguwa ta taru.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da ni. Shekara talatin da 'yan kai, duk bayan kaka wani Ba'abzine mai suna Alhasan yakan gangaro da ayarin raƙuma, ɗauke da kantun gishirin Balma da dabino, ya yi zango a gonar babanmu Malam Idi. Raƙuma su ci kara su bar mana taki, shi kuma ya auni gero ya koma. Shekara shida da suka wuce kara ya yi daraja, kowa na kwashe nasa yana sayarwa. Baba Alhasan ya iso kamar kullum, Yaya Hamza ya tare shi a bakin gona ya ce babu wuri. Babanmu yana zaune a gindin gawo, bai ce uffan ba. Ni ma ina tsaye, ban ce uffan ba. Tsohon ya juya akalar raƙuminsa, bai sake zuwa ba. Da daminar bana, kwana biyu kafin babanmu ya rasu, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka je da ƙafarka ka roƙa mini gafarar Alhasan. Kada ka aika, kada ka buga waya."

Mun isa Dungas ƙarfe bakwai. Mota ba ta cika ba sai tara, muka bi ta Magarya da Bande, muna tsayawa duk inda aka ɗaga hannu. Azahar ta yi mana a Damagaram. Na kwana wurin wani abokina da muka yi karatun boko tare a lakwal.

Talata: Damagaram zuwa Agadas

Babbar motar fasinja ta tashi ƙarfe biyar. A Tanut muka karya da shayi da burodi, dala sittin. Daga nan sai yashi da ramuka da bariyar jandarmomi, a sauka a nuna kartidantite, wato katin shaida, a hau. Duk bariyar da muka zo sai an latsa buhuna an ce, "Mene ne wannan?" In ce gero. Wani ya yi dariya ya ce, "A Agadas babu gero ne?" Na ce akwai, amma ba na gonarmu ba.

Mun shiga Agadas ana kiran magariba. Na sauka gidan Malam Sabi'u, wani tela mutumin Guci ta can wajenmu. Ya ce motar kasuwa mai zuwa ƙauyen su Baba Alhasan sai mako mai zuwa, ni kuwa hutun kwana biyar kawai aka ba ni a lakwal ɗin da nake koyarwa. Amma ya ji wasu ma'aikata da suka zo taro daga Yamai sun ɗauki hayar mota kat-kat mai shiga daji za su yawon buɗe ido can gobe, su hau dutse, su ga al'adu, su dawo a ranar. Akwai wuri ɗaya, jaka goma sha biyar. Na biya raina yana suya.

Laraba: hawan dutse

Ƙarfe shida muka tashi, mu bakwai da direba da ɗan jagora. Ɗan jagoran sunansa Sidi, Ba'abzine ne amma tashin birni, ya naɗa rawani shuɗi ya sake shi ƙasan haɓa don ya yi kyau a hoto. Tun kafin mu fita gari ya karanto mana tsari: hawa awa biyu, abinci, kallon lambu, kallon makera, ƙarfe uku daidai a juyo, don dole a wuce bariya ta ƙarshe kafin rana ta faɗi.

Na ce, "Sidi, ni wani dattijo na zo gani, ina da magana da shi."

Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal ya ce, "Mushe, akwai minti ashirin na zaman shayi da tsofaffi. A ciki za ka yi."

Minti ashirin! Saƙon mamaci, a minti ashirin, tsakanin lambu da makera.

A gaban mota akwai wani mai ƙaton ciki da kowa ke kira Direkta. Ya waiwayo ya ce, "Kai kuma me ya haɗa Bahaushen Magarya da mutanen dutse? Raƙumi za ka saya?" Sauran suka kwashe da dariya. Na haɗiye.

Mun wuce Dabaga wajen bakwai da rabi, muka bar hanya muka shiga korama busasshiya, mota na tsalle a kan duwatsu. Ƙarfe tara da rabi direba ya tsaya a gindin wani baƙin dutse ya ce daga nan sai ƙafa. Jama'a, mu mutanen yashi ba mu san hawa ba. A garinmu tudun da ya fi kowanne tsawo shi ne juji. Kafin rabin awa na fara haki, ga buhun gero a kafaɗa. Sidi ya ce in bar shi a mota, na ƙi. Direkta kuwa da takalminsa mai sheƙi, duk taku goma sai ya zauna ya zagi dutsen, ya zagi wanda ya shirya tafiyar, sannan ya ce a ɗauke shi hoto yana murmushi. Daga ƙarshe sai da aka riƙa jan sa da hannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a wannan siririyar hanyar muka haɗu da wata mata ta koro jakuna biyu da buhunan albasa. Ta raɓe ta ba mu hanya ta gaishe mu da Hausa tsaf. Babu wanda ya amsa, sai wayoyi da aka ɗaga mata a fuska. Haba! Ko a kasuwar Guci ka yi wa matar mutum haka ai sai an raba ku.

Ƙarfe goma sha biyu saura muka kai. Ban taɓa zaton akwai wuri irin wannan a bayan baƙin dutse ba: dabino, lemo, rumman, alkama kore shar, raƙumi yana jan guga daga rijiya yana kai da komowa, ruwa na bin 'yan kwalbatoci zuwa kowane fangali. Aka ba mu gurasar da ake gasawa cikin yashi da toka, da fura mai cuku da dabino. Na tambayi mai lambun inda suke samun gero yanzu. Ya ce, "Agadas muke saye. Da can daga wajenku yake zuwa a bayan raƙumi." Na ajiye furar ban ƙarasa ba.

Zaman shayi

Ƙarfe biyu da rabi aka kai mu rumfar tsofaffi. Tun daga nesa na gane shi, duk da ya rame kuma idonsa ya yi fari. Na durƙusa na ce, "Baba Alhasan, Lawali ne, ɗan Malam Idi na Dogo-Dogo." Ya laluba ya kama hannuna, ya daɗe bai sake shi ba. Ya ce, "Lawali. Zauna nan kusa." Ya ce wa wani dattijo ya hura gawayi.

Ga al'adarsu, wadda na sani tun ina yaro: shayi zagaye uku ne, kuma ba a ɗauko babbar magana sai an sha na uku. Na farko gaisuwa, na biyu labarin hanya da damina. Kowanne kuwa sai an dafa an juya an sake juyawa, ba a gaggawa. Na sha na farko ina kallon agogo. Uku saura kwata. Ya tambayi damina, ya tambayi gawon nan na gona ko yana nan. Bai tambayi babanmu ba, na kuwa san ajiye tambayar ya yi sai lokacinta.

Ana dafa na biyu sai ga Direkta ya kutso da waya a hannu. Ya tsaya a kan tsohon ya ce, "Baba, ɗan sauke rawanin nan mu ga fuska, hoton bai fita." Bai tsaya nan ba, ya miƙa hannu zai ja rawanin.

Ban san lokacin da na buge hannunsa ba. Na ce, "Kai, ba ka da uba ne? Mutumin nan ko gaban iyalinsa ba ya buɗe fuska, sai kai don ka biya kuɗin mota? Tir da wannan hali!"

Ya ce, "Ka san ko ni wane ne?"

Na ce, "Na sani, kai ne wanda aka ja a kan dutse ɗazu."

Aka riƙe shi aka fita da shi yana kumfar baki. Sidi ya matso ya raɗa mini, "Mushe, uku ta yi. Faɗi maganarka mu tafi." Na dubi agogo. Na juya na ce, "Baba, ka yi haƙuri, saƙo ne na kawo, Malam Idi..."

Tsohon ya ɗaga hannu. Ya ce, "Shayi bai ƙare ba, ɗana."

Kunya ta rufe ni. Na zo gyara wulaƙanci ɗaya, ga ni zan ƙara wani. Na ce wa Sidi, "Ku tafi. Ko da ƙafa ne zan iso Agadas, ko a kore ni daga aiki." Sidi ya tsaya yana duban tsohon. Can sai ya ja rawaninsa ya rufe hanci da baki yadda ya kamata, ya tuɓe takalmi, ya zauna a bakin tabarma. Ya ce, "Ni ke da jagora. Ba mai sauka sai an sha na uku." Direkta yana waje yana ihu zai kai ƙara. Ya kai mana.

Da aka miƙo na uku muka shanye, na faɗa masa babanmu ya rasu da damina. Ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe ido, sannan ya yi addu'a muka shafa. Na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni, na ƙara da nawa, don ni ma ina wurin.

Ya ce, "Maganar Hamza ba ta dame ni ba, yaro ne. Shirun Idi ne ya bi ni har gida. Shekara shida ina jira ya aiko ko da gaisuwa." Ya nisa. "Na yafe masa duniya da lahira. Kai ma na yafe maka."

Na tura masa buhun. Ya kwance ya damƙi geron ya shinshina. Sai ya ce, "Ɗana yana hanyar Balma yanzu. In ya dawo zai gangara kudu da raƙuma ashirin. Bara a bakin hanya ya kwana, ana korarsa daga gona zuwa gona. Bana ina zai sauka?"

An riga an raba gado, babbar gonar ta faɗa hannun Hamza. Nawa rabon ɗan tsiri ne a gefe. Na ce, "A gonata, Baba."

Mun sauko da gudu-gudu, Direkta bai ƙara yi mini magana ba, ni ma ban nema ba. Mun wuce bariya rana tana dab da faɗuwa.

Alhamis da Juma'a: komawa gida

Na kwana Agadas, na kwana Damagaram, na iso Dogo-Dogo ranar Juma'a bayan la'asar. Kafin in shiga gida na wuce maƙabarta na tsaya a kan babanmu na yi masa addu'a. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Sabi'u da ya sauke ni, da Sidi da ya zauna.

Washegari masu amalanke suka zo kwasar kara, na ce kada a taɓa nawa. Yaya Hamza ya zo har gona ya ce, "Ka haukace? Kowa ya sayar, kai ka bar wa raƙuman da ba ka san ko za su zo ba?"

Na ce, "Yaya, wancan karon shiru na yi. Yau ina gaya maka da bakina, baƙin Baba za su sauka a nan."

Duk kewayen an share gonaki fes, tawa kaɗai ce da kara a tsaye. Kullum in na taso daga lakwal sai na bi ta can na kori awaki, na dubi arewa.