Tokar da Muka Zuba a Mararraba

Shekarata ta biyu ina koyar da zane a wata sakandare da ke kan hanyar Gwaram, rawar kai ta sa na ce wa ɗalibaina za mu yi zanen da ba ya daɗewa. A yi shi a ƙasa, jama'a su gani, ƙafafunsu su share shi, mu kuma mu rubuta abin da suka ce.

Suka kawo toka da jar ƙasa da garin gawayi. Ranar kasuwa, bayan asuba, muka shimfiɗa zobe cikin zobe a mararrabar da ke gaban teburin wani mai shayi, kafin ya fito. Ni da aka haifa a Birnin Kudu, wai na manta abin da toka a mararraba take nufi a wurin mutanenmu!

Ba wanda ya taka. 'Yan acaɓa suna ta kauce masa, wata mai tallar nono ta tsaya cak, ta yi addu'a, ta koma ta bayan masallaci. Mai shayi ya iso, ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ɗaga ido ya dubi tsallaken titi, inda ƙanensa ya kafa nasa teburin a watan nan. Ranar ba wanda ya zauna a bencinsa. Kafin azahar magana ta zaga kasuwa: ƙane ya yi wa wa sammu.

Ɗalibai suka dube ni, na ce su rufe littattafansu. Tsoro na ji, kada a ce malamin makaranta matsafi ne. Kwana biyu na yi gum, 'yan'uwan nan ko gaisuwa sun daina.

A rana ta uku kunya ta ishe ni. Na ɗauki tsintsiya na share zanen a gaban kowa, na je na durƙusa a gaban mai shayin.

“Baba, ni na yi, da ɗalibaina. Darasi ne kawai.”

Ya kalle ni sama da ƙasa. “Darasi? Da toka, a ƙofar sana'ata?”

“Wallahi, Baba.”

“Malam, tashi, kada ka yi rantsuwa saboda wani. Na san shi ya turo ka.”

Shekara huɗu na ƙara a makarantar. Ban taɓa ganin ɗaya daga cikin 'yan'uwan ya tsallaka titin nan ba.