Takardun da ke Cikin Robar Gilashi

Har yau in na tuna ranar da aka sa wa motar Baba sabuwar robar gilashi, sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Motar ta girme ni. Da ita Baba yake zagayen ba da karatu tsakanin Mafara da Bakura, wani lokaci har Maradun in an kira shi rabon gado. Robar da ke riƙe da gilashin tagar direba ta bushe tun ina firamare, ta tsattsage, duk ramin da aka faɗa sai gilashin ya yi ta kar-kar-kar. Baba bai taɓa kai ta gyara ba. Maganinsa takarda. In yana zaune a mota yana jiran ɗalibai su taru, sai ya ɗora 'yar takarda a kan sitiyari ya yi rubutu da ajami, ya ninke ta, ya cusa tsakanin gilashi da roba. Ƙarar ta yi shiru na mako guda, ta dawo, ya ƙara wata. In na tambaye shi me yake rubutawa, sai ya ce, "Kai ɗan boko, ina ruwanka? Koyi karatun ka karanta da kanka."

Ban koya ba. Na tafi Kaduna aiki ba da son ransa ba, muka yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Ina can ya rasu. Kafin in iso an rufe shi. Ɗalibansa suka raba littattafansa, gara ta cinye sauran. Rubutun hannunsa da ya rage a duniya shi ne wanda ke cushe a tagar nan.

Da na dawo gida gaba ɗaya, na janyo motar daga rumfar da ta yi shekaru a ciki, na kai ta garejin wani dattijo mai gyaran jikin mota a Mafara, mutumin da ya daɗe yana bin Baba salla. Ya kankare tsatsa, ya buga inda ya lotse, ya yi fenti kalarta ta asali. Ni kuwa sau uku ina kai hannu ga takardun nan ina janyewa. Tsoro nake ji, gaskiya. Ban san ko faɗa zan tarar a ciki ba in aka karanta mini, ko yafiya. Sai na ce wa kaina ranar da za a ɓare tsohuwar robar zan tsaya a wurin da ambulan a hannu. Kaina kawai na gaya wa. Dattijon ban ce masa komai ba, tunda ya ce sabuwar robar ba za ta iso daga Gusau ba sai bayan kasuwar Talata.

Ran Litinin na tafi Bakura ta'aziyya. Ran Talata da hantsi na biyo ta garejin, na tarar da shi yana goge gilashi yana murmushi. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar masu rashi. Sannan ya murɗa gilashin sama, ya murɗa ƙasa, lumui, ko ƙis.

"Robar ta zo da wuri, Malam. Nic ce bari in yi maka ba-zata."

Na ce wa dattijon, "Baba, takardun fa?"

"Awo, ayoyin Marigayi! Kada ka damu, ban bari ko ɗaya ta taɓa ƙasa ba. Alwalla niy yi kahin in taɓa su. Nis samu kasko mai tsabta niƙ ƙone su, tokar nib bizne gindin iccen dogon yaron can, inda ba a takawa."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce wa ya gaya masa ayoyi ne? Duk abin da aka rubuta daga dama zuwa hagu Alƙur'ani ne? Waya ba ta aiki a garin nan? Motarsa ce ko ta ubana? Mutumin da ya haife ni a shekaru nake yi wa haka, masu faci da masu sayar da mai suna kallo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban samu inda zan kama shi ba. Da a kwata ya watsar da su, da na tsince su, na wanke, na shanya. Ladabinsa ne ya cinye su ƙurmus.

Ya bar ni na gama. Idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Wallahi sai da wuta tak kama ta ƙarshe nig gane Hausa ce. Nik kai hannu, ka ga yatsana." Ya nuna mini bororon ƙuna.

"Me aka rubuta?"

"Kalma ukku nig gani. 'In ya dawo.' Sauran wuta ta riga ni."

Na je gindin dogon yaron na tsaya. Ƙasa ce jiƙaƙƙiya, an shafe ta da tafin hannu, an ɗora dutse.

Bayan kwana biyu na koma na ba shi haƙuri, don ya cancanta. Amma fushin bai tafi ba, sai dai kaina ya koma. Sau uku hannuna yana kan takardun nan, ba wanda ya riƙe ni.

Motar ta yi kyau, kowa ya gani sai ya yaba. Ruwan sama ba ya shiga, gilashi ba ya motsi. Ina bin hanyar Maradun da ita, in faɗa rami da gangan ko zan ji kar-kar ɗin nan, ba na jin komai. Daga nan har in isa, abu ɗaya nake tambaya, wani lokaci da ƙarfi har in bugi sitiyari: to Baba, ga shi na dawo, me za a yi mini?