Rokar Alhaji Ta Je Ta Dawo

Mun tashi da asuba daga ƙofar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, mu uku a gaban mota: ni a sitiyari, tsohon bakaniken mahaifinmu a tsakiya, yayana kuma a bakin ƙofa ya naɗe hannu kamar wanda aka kawo shaida kotu. Motar ita ce tsohuwar rokar mahaifinmu Alhaji, babbar motar kaya mai bodin katako, wadda ta yi shekaru a kafe tun rasuwarsa, har kaji suka mayar da ƙarƙashinta gida. Yaya ya riga ya yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe su zo su yayyanka ta. Da ƙyar na samu muka yi sharaɗi a gaban Inna: in ta je ƙauyenmu can gaba da Wudil ta dawo da ƙafarta, ba ja ba turi, za a bar mini ita. In ta kwanta a hanya, na sa mata albarka.

Ni ma'aikacin jinya ne, ban gaji tuƙin babbar mota ba, amma duk ranar da ba ni da aiki ina ƙarƙashinta ni da Baba bakanike. Sifirin ɗin baya ne ya fi ba mu wuya. Ya kwanta har bodi na gogar taya, sai da muka kwance shi falle-falle muka kai wa wani maƙeri a Tarauni, ya yi ta dukan kowane falle har ya dawo da lanƙwasarsa. Biyu da suka tsage muka musanya. Daga ƙarshe Baba ya saita bawul ɗin inji, ya ce ta gama.

A nan na yi abin da ban gaya wa kowa ba. Inji yana wani ƙas-ƙas-ƙas da ya hana ni sakat. A wurin aikinmu ƙirjin da ke ƙara ba lafiya gare shi ba, kuma na san Yaya na jin wannan ƙarar zai ce ai ga shi nan. Jajibirin tafiya, bayan Baba ya tafi gida, na buɗe murfin inji na ɗan ƙara ɗaure kowane bawul har ƙarar ta ɗauke. Baba kunnensa ya yi nauyi, na san ba zai ji bambanci ba. Na wanke hannu ina jin kaina gwani.

Muka bi ta Daurawa muka hau titin Maiduguri. Mun ɗauko kwanon rufi da buhunan siminti na gyaran ɗakin gwaggonmu, kuma nauyin ya yi wa sifirin daɗi, don duk ramin da muka faɗa sai ta lotsa a hankali ta miƙe. Fastocin 'yan takara har yanzu suna manne a bango, ruwan damina ya wanke fuskokinsu, wanda ya ci da wanda ya faɗi duk sun koma kala ɗaya. Bayan Mariri akwai inda sojoji suka saba tare hanya. Tun da suka koma bariki sai durom biyu suka rage, wata akuya ta hau ɗaya tana kallon masu wucewa. Baba ya ɗaga mata hannu ya ce ranki ya daɗe. Har Yaya sai da ya murmusa, ya yi sauri ya gyara fuska.

Gero ya fitar da kai hagu da dama, iska mai sanyi tana shigowa ta tagar da ba gilashi. Direbobin bas suna wuce mu suna danna hon, wasu tsofaffi a bakin hanya suna nuna mu da sanda. Raina fes.

Muna dab da gadar Wudil ta fara sanyin jiki. Na taka totur har ƙasa, ita kuwa sai huci da hayaƙi, na sauko giya, na sake saukowa, mai keke ɗauke da itace ya zo ya wuce mu. Da muka haye gada na lallaɓa ta gindin wata bishiyar maina, tana tsayawa ta mutu. Yaya ya duba agogonsa kawai. Wallahi da ya yi faɗa ya fi mini sauƙi.

Baba ya sa na sake tayar da ita. Ya buɗe bonet, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin inji ya rufe ido. Ashe abin da kunne ya daina ba shi, hannu yana ba shi.

"Likita, ina ƙarar da na bari a nan?"

Na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya a gaban Yaya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake," in ji Baba. "Wannan 'yar ƙofar da na bari ita ce wurin miƙewarsa. Ka toshe ta, bawul ya kasa rufuwa. Allah ya taimake ka ba ka ƙone shi ba."

Na ɗauko sifana zan gyara nan take, ya buge mini hannu. Ba a saita bawul ɗinta da zafi, sai inji ya huce sarai, ko da za a wuni. Haka muka shimfiɗa tabarma. Kifin Wudil ya fi na cikin Kano araha nesa ba kusa ba, mai suyar ta cika mana takarda da tarwaɗa da yaji, wata Bafulatana ta dama mana fura ta naira goma-goma mai kaurin da ludayi ke tsayawa. Mutane suka yi ta zagaya motar. Wani dattijo mai sayar da igiya ya karanta rubutun da ke goshinta, ya ce ya san mai ita, ya taɓa kai masa shanu kudu, ya tambaya ko yana raye. Yaya ne ya amsa masa, kuma na ga sun daɗe suna magana.

Wajen azahar inji ya yi sanyi. Baba ya zaro wani siririn guntun ƙarfe daga aljihun gaban mota, an ɗaure shi da jan zare. Gejin Alhaji ne na auna ƙofar bawul, shi ya goge shi da hannunsa daga bakin zarto. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya yana juya inji da hannu, ɗaya yana zura geji. Hannun Baba na rawa, ni kuma in na juya sai in zarce. Sau uku muna ɓatawa.

Yaya yana da ikon ya ce sharaɗi ya cika, don mota ta kwanta. Sai na ga ya tuɓe babbar riga ya rataye a madubi.

"Matsa, ba haka ake yi ba."

Na manta shekara shida ya yi yana bin Alhaji a wannan motar lokacin da mu muke makaranta, kuma abin da ya sa ba ya son ganinta ke nan. Ya kama ƙarfen juyi ya tsayar da inji daidai ba tare da ya leƙa ba, yana faɗin lambar silinda bi da bi da ka. Ya karɓi gejin, ya zura, ya ja, ya ce sai ya shiga yana ɗan kamawa kamar ana zare wuƙa daga kube. Baba ya koma kan tabarma yana cin sauran kifi. Da aka tayar, ƙas-ƙas ɗin nan ta dawo, ban taɓa jin abu mai daɗinta ba.

Ragowar hanyar burji ce da laka, ta shanye ta ba gardama. Gwaggo na jin ƙarar ta fito ba mayafi, ta dafa ƙofar motar tana hawaye tana yi wa ɗan'uwanta addu'a. Muka kwana, aka cika mu da tuwon dawa da miyar kuka, da safe aka loda mana kabewa da buhun gyaɗa na Inna.

A dawowa, daga Wudil Yaya ya ce in ba shi sitiyari, wai ina wahalar da kuloci. Mun shigo Gyaɗi-Gyaɗi bayan la'asar, Inna na zaune a zaure tun azahar. Na koyi cewa ba kowace ƙara ce ciwo ba, kuma aikin da ka tarar tsoho ya bari a wani hali, ka tambaya kafin ka gyara masa. Na kuma gane ban san yayana ba kamar yadda nake zato.

Bai ajiye ta inda ta yi shekaru a kafe ba. Ya yi baya da ita sau biyu, ya juya hancinta ya kalli titi, yadda Alhaji yake yi in da tafiya gobe. Ya miƙo mini makulli, gejin kuwa ya sa a aljihunsa.

"Wannan yana wurina," ya ce. "In za a taɓa bawul, a kira ni."