Hannun Kawu Shuɗi

Auta ta fara jin sunansa ne a bakin Inna, a matsayin dodo: duk wanda ya ƙi wanka, Kawu Shuɗi zai zo ya sa shi a buhu. Sai da ta yi wayo ta gane yayan Inna ne, ciki ɗaya, kuma ɓeraye yake sawa a buhun, ba yara ba.

Sana'arsa ke nan, bin shaguna da ɗakunan ajiya yana kashe ɓera. Yakan kwaɓa maganin da gari da ɗan sukari, ya zuba masa shuɗin wanki don kada wani ya ɗauka abinci ne. Launin ya kama tafin hannunsa har cikin farce, sabulu ya yi ya gaji. Daga nan sunan ya samo asali. Inna takan tsokane shi cewa ɓerayen ma sun san hannun, da sun hango shi sai su fara barin wasiyya.

Wata safiya ɓera ya huda musu buhun shinkafa, Inna ta kira shi. Ya mulmula maganin ƙanana, ya jera a ƙarƙashin kabad, inda a ganinsa hannu ba zai kai ba. A tsaye ya duba, bai durƙusa ba.

Auta na shanyar kaya sai ga 'yar yayarta mai rarrafe ta fito daga ɗakin girki tana dariya, leɓe da haɓa duk shuɗi. Auta ta saki rigar da ke hannunta. Kawu na shan ruwa a bakin ƙofa, ya waiwayo, kofin ya suɓuce. Ya sa yatsa ya kwaso abin da ke bakin yarinyar, ya saɓa ta a kafaɗa, ya fita a guje ko takalmi babu. Auta ta bi shi, idonta a kan ɗan kan da ke lilo a bayansa.

A asibiti aka wanke mata ciki. Kawu ya zauna a ƙasan baranda, ya cusa hannuwansa a hammata, har aka fito aka ce ta yi kuka ta nemi nono.

Tun ranar bai sake kwaɓa magani ba. Ya koma ɗana tarkon waya, masu shaguna da yawa suka guje shi don tarko ba ya sauri. Shuɗin ya koɗe a hankali, sunan ya zauna.

Ranar da Auta za ta koma makaranta ya tsayar da ita a ƙofa.

"'Yar ƙanwata, abu ɗaya nake roƙonki. Duk gidan da kika ji an sa maganin ɓera, ki durƙusa ki dubi ƙasa yadda mai rarrafe zai gan ta. Ko za su yi miki dariya, ki durƙusa."